Tawul ɗin Baffa Nicanor

Veracruz, 3 ga Mayu

Ɗana Fermín,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ƙafafun nan naka na gudu. Kada ka yi dariyar rubutuna, dama aji uku na yi, yanzu kuma da hagu nake yi. Ranar Asabar a shagon aski na tashi zan nuna wa yaran zamani yadda Baffanka Nicanor yake kai naushi. Wanda na auna ya goce, bango kuwa bai goce ba. Yatsu biyu suka karye. Uwarka ta ce bangon ne ya ci wasa.

Mun kalli dambenka a talabijin. Wai ka ci da maki. Turmi goma kana zagaye mutum kamar kana neman kuɗin da ka yar. Mai aski ya ce, "Hilario, ɗan nan naka dambe yake yi ko rawa?" Na ce, "Haba, ai a rawa ana taɓa juna."

A zamaninmu in maza suka fasa wa juna baki, ruwan kwabbai muke yi musu a fili. Nicanor sai ya cika hula. Ku kuwa? Wando mai ƙyalli, gashi a gyare, hanci a miƙe kamar na limamin coci. Ko peso ɗaya ban ga an jefa maka ba, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ka huta lafiya, in gudun ya bar ka.

Ubanka, Hilario

Tijuana, 14 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka da Inna. Sannu da hannu, Allah ya sawwaƙe.

Gaskiya ne, ba a jefa mini kwabbai. Amma shekara huɗu ni nake ba Baffa Nicanor miya da cokali kafin in taho nan, don dambe ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Da sunanka yake kirana. Nasa sunan ma sai an tuna masa. A bakin gadonsa na koyi gocewa, ba a wajen koci ba.

Ranar 20 ga Yuni zan kara da wani Barragán, irin mazan da kake so. Mutum biyu ya kai asibiti. In ya ritsa ni, ina buƙatar wanda zai jefa tawul a tsayar da wasa. Kocina kuwa kambu yake hange. Ka zo ka riƙe mini.

Tambaya ɗaya, Baba. Ka ba ni labarin wasan Baffa na ƙarshe ya fi sau ɗari. Wa ya riƙe masa tawul ranar? Ba ka taɓa faɗa ba.

Ka huta lafiya.

Ɗanka, Fermín

Veracruz, 25 ga Mayu

Fermín,

Gaisuwa, mun gode.

Ni ne. Tun turmi na takwas ba ya gani da ido ɗaya. Kwabbai sun fara sauka, jama'a na kiran sunanmu, ni kuwa ina ihu, "Tashi, ɗan'uwa!" Tawul ɗin yana kafaɗata har aka fita da Nicanor a kwance. Da tawul ɗin na share zufata.

Na ga Barragán ɗin nan, katako ne mai safar hannu. Yi ta rawarka, ɗan banza, kada ka tsaya masa.

Zan hau motar ranar 17 ga Yuni. Kada hannuna ya dame ka, hagu ma tana jifa. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana bina bashin tawul guda.

Ubanka