Muryar Baba a Kaset Uku

Asabar, 5 ga Afrilu, 1986

Na je Tsiga duba sharar gona. Lawal ɗan marigayi Malam Bature ya shigo mana ta gabas, kunya ta kai ashirin, har ɗorawarmu ta koma cikin tasa gonar. Na yi masa magana a hankali. Ya ce haka mahaifinsa ya nuna masa. Na ce ni ma marigayi Baba ya nuna mini, kuma ina da muryarsa a kaset. Sai ya juya ya koma bakin aikinsa. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Dagaci ya sa mana Alhamis, ashirin da huɗu ga wata. Ya ce in zo da kaset ɗin, tunda babu wanda bai san muryar Baba ba a Tsiga.

Na tuna ranar da na ɗauka. Kirsimetin 1982, sabuwar rikodata, Baba a rumfa yana ta kallonta kamar za ta cije shi. Fiye da awa guda yana magana: yadda kakanmu ya sari gonar, inda iyaka ta bi, ɗorawa tamu ce amma matan gidan Bature suna da izinin ɗibar kalwa. Ana cikin haka Malam Bature da kansa ya shigo gaisuwa, ya zauna, ya ce haka ne. Da bakinsa. Yana ciki.

Kaset mai kyau na sa a lokacin, ɗan Japan. Daga baya, shekara biyu ke nan, na sayi masu araha a kasuwar Funtua, uku a kuɗin ɗaya, na kwafa: ɗaya nawa, ɗaya na ƙanwata Dorkas, ɗaya na Inna. Mai kyaun kuma na ɗauki waƙoƙin bikin Dorkas a kansa. Na ga kamar dabara na yi, uku sun fi ɗaya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na buɗe akwati bayan an tashi makaranta. Nawa ya lalace. Muryar tana ja, kamar mutum yana magana a cikin rijiya, ba kalma ɗaya da za a gane. Na canza batir, haka. Da na ciro, wani jan gari ya zubo mini a yatsa. Ba komai, saura biyu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Malumfashi, gidan Dorkas. Nata ya fara lafiya. Tarin Baba muka fara ji, sai ya ce, "To Amos, abin naka yana ji kuwa?" Dorkas ta rufe fuska da gefen zani. Ni ma dai.

Bai kai minti biyar ba rikoda ta haɗiye zaren. Baba bai ma iso maganar gona ba, yana kan labarin farin da aka yi yana yaro. Muka zaro a hankali, muka naɗe da biro, ya tsinke. Mijinta Bitrus ya liƙa da salatif, ya sake tsinkewa a gaba. Wuri huɗu. Abin da ya rage duk ya murɗe.

Na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce da ba don bikinta ba, da mai kyaun yana nan. Ta dube ni, ta ce, "Yaya, ni ban roƙe ka ba." Ban ci tuwonta ba na hau mota.

Talata, 15 ga Afrilu

Na kai wa Atu mai gyaran rediyo kusa da tashar jirgi a Funtua. Ya ɗaga zaren ya duba a rana, ya ce dubi, ana ganin haske ta ciki, siriri kamar ɓawon albasa. Jan garin nan da ke zuba, wai shi ne maganar. In ya zube ya zube. Ya ce irin waɗannan damina biyu suke yi, ana sayensu ne don waƙar da ba a damu da ita ba.

Na tambaye shi ko za a iya tono muryar daga ƙarƙashin waƙoƙin biki. Bai yi dariya ba, na gode masa da wannan. Ya ce Malam, babu ƙarƙashi.

Na nemi mai teburin da ya sayar mini. An ce ya daɗe da komawa Gusau. Ko na same shi me zan ce.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Bayan sujada a cocin Tsiga na karɓi na Inna. A cikin kwallarta yake, naɗe da hular Baba. Ba ta taɓa sawa ba, ta ce ba ta shirya ji ba tukuna, sanin yana nan ya ishe ta. Fes da shi kamar yau aka saya. Duk hanyar komawa Bakori, inda nake koyarwa, hannuna na kan aljihu.

Babu komai a ciki. Shuu kawai, gaba da baya. Na saurara har ƙarshe, duka fuska biyu. Ko bai kama ba tun ranar, ko na danna abin da ba shi ba. Ban sani ba, don ban saurara ba bayan na kwafa. Ko ɗaya cikin ukun ban saurara ba kafin in goge mai kyaun.

Shekara biyu Inna tana ajiye da shuu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ban iya koyarwa ba yau. Na ba 'yan aji shida aikin kwafa daga allo.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ƙofar gidan Dagaci cike, wasu muryar Baba kawai suka zo ji. Na tashi na ce kaset ya lalace. Wani a baya ya ce dama. Na rantse a kan abin da ke ciki, amma dattawan da suka san iyakar duk sun mutu, sai Tsohuwa Tasalla, ita kuma yau ta ce gabas gobe ta ce yamma. Dagaci ya raba wurin biyu. Ɗorawa ta faɗa wajen Lawal.

Lawal bai yi murna a fili ba. Ina jin da gaske yake ganin hakkinsa ne. Wannan ya fi ci mini rai.

Asabar, 26 ga Afrilu

Inna ta tambayi kaset ɗinta. Na ce yana wajen mai gyara.

Asabar, 10 ga Mayu

Na faɗa mata. Tana ɓarar gyaɗar iri, ba ta daina ba. Na ce babu komai a ciki, tun farko babu, kuma laifina ne, ba na mai tebur ba, ba na Dorkas ba. Ta ce kwanan baya ta yi ƙoƙarin tuna yadda Baba yake kiran sunanta, abin ya ƙi zuwa, sai ta ce wa kanta ba komai, yana cikin kwalla.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce zan sayi mai kyau in ɗauki tata muryar. Ta ce, "Ka bar akwatin nan naka a Bakori. In kana son ji, ka zo ka zauna."

Laraba, 21 ga Mayu

Na rubuta wa Dorkas takarda. Sau uku ina yagawa. Ba amsa tukuna.

Asabar, 31 ga Mayu

An yi ruwa sosai jiya, mun yi shuka. Asabar ta uku ke nan ina zuwa Tsiga hannu sake. Inna ta ba ni labarin shekarar da aka haife ni, rabi na sani, rabi ban taɓa ji ba. Wani wurin ta saɓa da Baba. Ban gyara mata ba.

Da zan tafi na bi ta sabuwar iyaka. Lawal na ƙarƙashin ɗorawa yana hutawa, azumi ya ɗan kama shi. Ya ce a gaya wa Inna kalwar baɗi ta aiko a ɗiba. Na ce zan faɗa.

Ba yafewa na yi ba. Sannu da aiki kawai na yi masa.