Tumbin Jirgin Shitu

Funtuwa

Zuwa ga ƙanwata Zakiyya,

Bayan gaisuwa, ya karatun sojan ruwa? Inna tana gaishe ki.

Ruwa ya cinye gadar ƙauyenmu. Na ƙera wa Shitu mai fito kwale-kwalen ƙarfe, ko sati bai yi ba kututturen da ke ɓoye a gulbi ya farke shi, ya nutse da buhunan masara. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Yanzu zan ƙera wani, kuma shi Inna za ta riƙa shiga in za ta asibiti. Wallahi hankalina a tashe yake. Ke da kike ta karatun jirage, ba ki da abin cewa?

Yayanki, Kamalu mai walda.

Legas

Yaya Kamalu,

Gaisuwa da girmamawa. Ina da abin cewa mana! Fiye da shekara ɗari da ta wuce, babban abin tsoron jiragen yaƙi shi ne tofido, wani bam da ke gudu a ƙarƙashin ruwa ya fasa jirgi ta gefe. Da farko ragar ƙarfe aka riƙa ratayawa a jikin sanduna kewaye da jirgin, amma ba ta da amfani in ana tafiya. Sai aka ƙara masa tumbi a kowane gefe, aka raba cikin tumbin ɗaki-ɗaki. Bam ya fashe a can waje, ruwa ya cika ɗaki guda, ainihin jirgin yana nan lafiya.

Kututturenku ai tofido ne da ba ya motsi. Ka yi wa jirgin tumbi, ka liƙe kowane ɗaki ruf.

Ƙanwarka, Zakiyya.

Funtuwa

Hajiya sojan ruwa,

Bayan gaisuwa, na yi yadda kika ce, kuma na sha dariya. Mata suna tambayata yaushe jirgin zai haihu. Shi ko Shitu da ya ƙwanƙwasa ya ji fanko, sai ya ce wannan almubazzaranci ne, ga wuri kamar rumbu an bar shi iska na kwana. Wai in yanka masa ƙofofi ya riƙa cusa barkono da kaji. Ni ma dai na ga kamar da gaskiyarsa.

Kamalu.

Legas

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Kaji? Iskar nan ita ce kayan da tumbin ya ɗauko! Ka yanka ƙofa ɗaya, ka mayar da shi tukunya. Don girman Allah kada ka taɓa. In Malam Shitu ya matsa, ka ce masa uwarmu ce za ta zauna a ciki.

Zakiyya.

Funtuwa

Zakiyya 'yar albarka,

Ban yanka ba. Ranar Litinin jirgin ya daki kututturen nan, Inna tana ciki, ga mata cike. Ƙarar har tsallake aka ji. Tumbin hagu ya yage kamar tsumma, jirgin ya ɗan karkata, ya ci gaba abinsa. Ko zanen Inna bai jiƙe ba. Shitu ya fito yana salati, ni kuwa hawaye na yi a gaban jama'a, ban ji kunya ba.

Na yanke yagaggen ƙarfen zan jefar, Inna ta karɓe. Ta wanke shi da toka, ta kawar da babbar tasarta ta aure, ta ɗora shi a tsakiyar jeren kwanonta. Duk wadda ta shigo gaisuwa, sai ta nuna mata ta ce, “Aikin 'ya'yana ne, su biyu.”

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki, Kamalu.