Ƙasar Ƙarƙashin Gado

Zuwa ga Oretta, hasken tagata, inuwar da nake fakewa in ranar Agusta ta take a Siena, ruwan sanyi a bakin mai ƙishi, 'yar unguwar Dodon-koɗi da ta yi wa ɗan unguwar Kunkuru fashin zuciya da rana tsaka!

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da gidansa ya yi masa yawa. Tun ranar da aka zuba ƙasa a dandali don sukuwar Palio kika ɗauki jakarki kika koma wajen mahaifiyarki, kamar yadda kowace mace take yi in ta auri ɗan unguwar abokan gaba. Wannan ban ce komai ba, haka muka taso muka gani. Amma bana da tsohon ciki kika tafi, kuma a bakin ƙofa kin ce ko an gama sukuwa ba za ki dawo ba, sai an san ƙasar wace unguwa za a sa ƙarƙashin gadon haihuwarki. Kwalbar da Baba ya ciko da ƙasar Kunkuru tana nan kan firji inda kika bar ta. Kullum da safe ni da ita sai mu kalli juna, kowa ya kama harkarsa.

Jiya Sabino, abokina na jami'a, ya zo daga Bari da matarsa Nunzia, na zaga da su gari. Na kai su babbar majami'a, suka ɗaga kai suna kallon zanen baƙi da fari har wuyansu ya ƙage. Na kai su gindin hasumiya, Sabino ya hango tsawonta ya ce gwiwarsa ta riga ta hau ta sauko. Duk abin da suka yaba na ce haka ne. Me zan gani a dutsen da aka sassaƙa, ni da na saba ganin fuskarki da sassafe, kamar ɓaure da raɓa ta kwana a kai?

A kasuwa aka yi abin kunya. Nunzia ta shiga shagon ƙyallayen wuya, ta zaɓi mai ja da rawaya, na unguwarku, ta ɗaura abinta, muka nufo layinmu ban lura ba. Sai ga mai sayar da burodi ya fito da gari a hannu.

"Kai Lapo! Matarka ta tafi, shi ne ka je ka aro wata irinta?"

"Baƙuwa ce, Malam, ba ta sani ba."

"To ta cire tun kafin tsofaffinmu su faɗi da hawan jini."

Nunzia ta cire tana mita. "Wai ku mutanen nan lafiyarku? Kunkuru da dodon koɗi! Duk duniya ba ku sami masu gudu ba sai waɗannan, kuma a kansu kuke raba miji da mata?"

Da muka zauna cin taliya mai kauri da miyar tafarnuwa, irin wadda kike cewa na fi iya ci da iya dafawa, Sabino ya tambayi zancen kwalbar. Na gaya masa yanzu kowa a asibiti ake haifarsa, shi ya sa ake ɗebo ƙasar unguwa a sa ƙarƙashin gado, yaro ya faɗo a kan ƙasarsu. Inda ya faɗo nan ne nasa har kabari. Sabino ya ce, "A haɗa biyun mana a gauraya, ɗan'uwa, kowa ya huta." Mai kawo abinci ya ji, ya ajiye kwanon da ƙarfi. Ban ga laifinsa ba.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a ƙarƙashin bakar nan, ƙofar dutse mai lanƙwasa da ta raba unguwarku da tamu? Ba ki san sunana ba, amma kin ga ƙyallen wuyana. Kika raba alewar almon biyu, kika miƙo mini ƙaramin ɓarin, kika ce in ci amma kar in faɗa wa kowa. Ya ke sanyin idona, na ci, ban faɗa ba, kuma har yau ban ƙoshi ba! Wane ruwa ne aka yi a ranar da har yanzu rigata ba ta bushe ba?

Da yamma, muna komowa wajen walimar unguwarmu, muka bi ta wannan bakar. Daga nan ana hango layinku, an jera tebura tun daga sama har ƙasa. Na ce mu ɗan tsaya in ɗaure takalmi. Na gan ki. Kina zaune da hannu ɗaya a kan ciki, kina dariya da duk haƙoranki, ba ki da niyyar kewar kowa. A gefenki ga Gwaggo Fosca, matar baffana, 'yar unguwarku, da jakarta a cinya.

Nunzia ta ce, "Wace ce wannan tsohuwar da ba kowa nata?"

Na ce, "Tana da 'ya'ya maza huɗu. Suna teburinmu, yanzu za ki gan su."

"Ta haifi huɗu, ba a bar mata ko ɗaya ba?"

Wannan ba tambaya ba ce da ake yi a garin nan. Muka je muka zauna, aka kawo nama, aka kawo kayan zaƙi, aka fara waƙa. 'Ya'yan Gwaggo huɗun nan su ne suka fi kowa murya a baitin da ake zagin Dodon-koɗi. Tun ina yaro nake jin su, ina ma taya su. Jiya dai na kasa buɗe baki. Sai na riƙa ganinki da furfura, kina ratsa ƙarƙashin bakar nan ke kaɗai da jaka, ɗanki yana bayanki yana rera wa gidan ubanki habaici. Abin ya ba ni tsoro, Oretta, kuma ya ba ni kunya.

Yau da safe, kafin in raka baƙi tasha, Nunzia ta tsaya sayen tangaran na tsaraba. Ni ma na sayi 'yar tukunya mai murfi, fara fat, babu launin kowa a jikinta. Ita ce Sabino zai bar miki a ƙofa tare da takardar nan, don shi baƙo ne, ba wanda zai harare shi. Babu komai a ciki. Ki cika ta da ƙasar lambun unguwarku, ki danna sosai. Ta Baba kuwa na juye ta a tukunyar ɗoɗɗoyarki da ke taga, na ba ta ruwa. Baba zai daina yi mini magana zuwa wani lokaci. Mai burodi zai samu abin dariya har ƙarshen shekara.

Na san abin da na saya. Duk lokacin sukuwa mutum biyu za su fita ƙofar nan su bar ni da firji. Wata rana dokinmu zai faɗi a kwana, in ji muryar da na fi so a duniya bayan taki tana ihun murna. Na yarda, tauraruwata, muddin in an kwashe ƙasar dandali ku biyun za ku dawo mini.

Gobe ina roƙon Allah dokinku ya zo na ƙarshe, kar ki yi zaton na sauya. Amma jibi zan tsaya a ƙarƙashin bakar nan, ko ana ruwa ko ba a yi. Ki taho da tukunyar, ni zan ɗauka.

Naki, ɗan Kunkuru har a rufe shi da ƙasa, kuma mijinki har bayan nan,

Lapo