Takarda Mai Hannu Ɗaya

Zuwa ga 'yata, Oditar gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran nan uku. Allah ya ƙara miki haƙurin rashin mahaifinki, ƙanena, wanda yau wata biyu da kwana huɗu ke nan da muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da mahaifiyarku a cikin rahama. Mu nan sai godiya. Matar yayanki ta sauka lafiya, an samu 'ya mace mai goshin kakanta. Gwaggonki tana nan tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau. Ni kuwa ƙafafuna sun kumbura, idon hagu ya kusa rufewa. Za ki ga rubutun nan yana hawa yana sauka, to ba takardar ce ta karkace ba, hannun ne. Ban kira ki a waya ba saboda kunnena ba ya kama muryarki sosai, kuma a waya kuka yana riga maganata fitowa.

Kin san mahaifinki a matsayin uba, ni kuma na san shi tun yana goge hanci da hannun rigata. Ni na koya masa riƙe alƙalami. Ya shiga kamfanin nan yana ƙaramin akawu mai tebur a bayan ƙofa, ya fito bayan shekara talatin da huɗu yana shugaban sashen kuɗi gaba ɗaya. A duk tsawon shekarun nan doka ɗaya ya riƙe: ba takardar da za ta bar teburinsa sai da hannun mutum biyu a kanta. Shi yana sa nasa da koren alƙalami, wani daban ya karanta ya sa na biyu. Wata ranar Juma'a da yamma babban manaja da kansa ya sauko ofishinsa da takarda, ya ce a wuce da ita yanzu, tunda mai hannu na biyu ya yi tafiya. Mahaifinki ya jawo masa kujera, ya sa aka kawo masa shayi, ya tambaye shi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce masa sai Litinin. Masinjan ofishin ne ya ba ni labarin a wurin gaisuwar rasuwa, yana dariya yana share hawaye.

Wannan doka har gida ya zo da ita, kin sani. Makarantar da za a sa ku, fentin da za a yi wa falo, sayen firiji, duk sai ya rubuta a farar takarda ya ja layi biyu a ƙasa, ɗaya nasa ɗaya na mahaifiyarku. Takan ce ita miji aka ce za a ba ta, sai ta tarar ofis ta aura. Amma ba ta taɓa sa hannu ba tare da ta karanta ba, kuma sau da yawa ta mayar masa da takardarsa ta ce bai yi ba, shi kuma ya karɓa yana murmushi kamar an ba shi kyauta. Kina shekara bakwai kika hau kujerarsa kika nuna masa ya rubuta kwanan wata ba daidai ba. Tun ranar ya sa miki suna Odita, wato mai binciken lissafi, ya yi mako guda yana ba kowa labari. Mutumin da manajoji suke tsoron shiga ofishinsa, shi ne yake goge muku kayan makaranta da kansa ranar Lahadi, yana cewa wai ba wanda ya iya fitar da karin siket irinsa. Ya taɓa tashi daga tsakiyar taron shugabanni don ya riƙe miki hannu a wurin likitan haƙori.

Da matata ta rasu, ɗana tilo kuma ya riga ta, shi ya zo da mota ya kwashe ni da akwatina biyu, ya sa ni a ɗakin baya, na kusa da tankin ruwa. Shekara tara ke nan. Bayan rasuwar mahaifiyarku ni na zama hannunsa na biyu. Kullum ƙarfe goma na safe zai ƙwanƙwasa ƙofata da kofin shayi a hannu ɗaya, magungunana na ranar a ɗayan, ya ce Yaya, an buɗe ofis. Mu zauna a baranda, ya karanta mini jarida, mu yi musu a kan abin da bai shafe mu ba. Har yanzu idan goma ta yi sai in gyara zama in dubi ƙofa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara uku da suka wuce, bayan zuciyarsa ta fara ba shi wahala, ya shigo ɗakina da wata takarda. Ya rubuta cewa ɗakin baya nawa ne in zauna iya rayuwata, ko yana nan ko ba ya nan, kuma kada a sayar da gidan ko a ba da shi haya ina ciki sai da yardata. Ya sa koren hannunsa, ya miƙo mini in sa nawa. 'Yata, raina ya ɓaci. Na ce masa ni da na goya shi, ni zai kawo wa takarda kamar ɗan haya? Na ce tsakanina da shi babu takarda, kuma 'ya'yansa 'ya'yana ne, ba za su taɓa kora ta ba. Ya ce ba don su ya rubuta ba, don ranar da ba ya nan ne. Na juya masa baya. Sau uku yana dawowa da ita a cikin shekarar, sau uku ina mayar da shi. A ƙarshe ya sa ta a fayil ɗin da yake ajiye takarduna. Duk takardun da ya kawo mini tun rasuwar mahaifiyarku na sa musu hannu, har ta sayen tiyon ban ruwa. Wannan kaɗai na ƙi.

Ranar Talatar da ta wuce yayanki ya zo ya zauna a bakin gadona. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce gidan ya yi girma, ba mai kula da shi, kuma an samu waɗanda za su saya su mayar da shi ofisoshi, suna so a ba su makulli ƙarshen watan gobe. Ni kuma ya samo mini wuri a gidan kula da tsofaffi a can ƙarshen gari. Na ce masa ya duba fayil ɗina. Ya ce ya duba, ya ciro takardar daga jakarsa ya ajiye mini a kan tebur, ya ce Baba da bakinsa ya koya musu cewa takarda mai hannu ɗaya ba takarda ba ce. Gaskiya ya faɗa, kuma ni na jawo.

Ya kai ni na ga wurin. Ba na kushe shi, akwai tsabta, ma'aikatan suna da fara'a. Amma gadaje huɗu ne a ɗaki, talabijin tana ta ihu ba mai kallo, tagar kuma katanga take duba. Wani tsoho ya riƙe mini hannun riga yana tambaya ko ni ne ɗansa. Da muka dawo ban iya cin abinci ba. A nan na san taku nawa ne daga gadona zuwa banɗaki, ko idon dama ya bi na hagu zan iya kai kaina. A nan kujerarsa take a baranda. Idan aka ɗauke ni daga nan ba na jin zan ga ƙarshen shekara, kuma ba don in tsorata ki na faɗa ba.

Gwaggonki ta ce in sa hannun yanzu in rubuta kwanan watan shekara uku baya, wa zai sani? Na ɗauko koren alƙalaminsa, na ɗora shi a kan layin, hannuna ya ƙi. Mutumin nan bai taɓa sa kwanan ƙarya a kan takarda ba. Ba zan fara da tasa ba, yana kwance ba ya iya cewa komai.

Na san gidan naku ne, ba ni da ko bulo ɗaya a ciki. Na san yayanki yana da iyali da nauyi a kansa, kada ki yi faɗa da shi saboda ni. Ban roƙi gida ba, ɗaki ɗaya nake roƙo, da ɗan lokacin da ya rage mini, kuma likita ma bai ce yana da yawa ba. Yayanki ya gaya mini ya aiko miki da takardar sayarwa, ya riga ya sa nasa hannun, naki ake jira, in babu shi ba za a sayar ba. Ga ta mahaifinki nan ma na sa miki a cikin ambulan, ita kanta ba kwafi ba, ban bar komai a hannuna ba. Ina roƙon ki don Allah, ni tsohon da girman kai ya kayar, ki karanta su duka biyun a natse, kamar yadda ya koya miki.

Ki gaishe da maigidanki da kyau, ki gaishe da babban yaronki mai ƙwallo, da takwarar mahaifiyarku, da ƙaramin nan da ban taɓa ɗauka ba. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce wai kin manta lambarta. Mai gadi ma yana gaisuwa, shi zai kai mini wannan takarda gidan waya.

Takarda biyu za su kasance a gabanki, kowacce da hannu ɗaya da layi ɗaya da ba komai a kansa. Ke za ki zaɓi wadda za ki sa wa hannu na biyu. Koren alƙalamin ma na sa miki a ciki. Har yanzu yana rubutu, na gwada shi.

Naki har kullum,
Baffanki na ɗakin baya