Kwamfutar Auta a Gindin Katanga

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya raya mana su, ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma yi mana faɗa, kin ga kuwa lafiya ta samu. Baba ma yana nan, kuma a kansa nake rubuto miki, don maganar ta ƙi fita ta waya. Sau biyu ina kiranki ina ɓigewa da tambayar yara.

Kin sha yi mini tsiya wai aikina gadin iska ne. To, watan nan iskar muka sake wa ƙofa. An hana shiga waifai ɗin ofis da kalmar sirri ɗaya da kowa ya haddace. Yanzu sai na bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya na saka mata tsarin shiga da takardar shaida mai sunan mai ita. In ta iso kusa sai ta yi sallama ta nuna shaidar, babbar na'urar da ke ɗakinmu ta duba, ta amsa ko ta yi shiru. Duk wanda aka amsa wa, sunansa na fitowa a allona. Oga ya ce tsoffin shaidun da muka yi gwaji da su bara a soke su kaf, kada a bar ko ɗaya.

Ina cikin tantance su ranar wata Talata, goma da minti goma na safe, sai ga sunan Auta ya fito, wai ya shigo. Yaya, wata bakwai da binne shi. Na zuba wa allon ido. Ni na saka wa kwamfutarsa shaidar nan ranar da ya kama aiki a wajenmu, yana tsaye a kaina yana cewa na cika iyayi. Ni ya kamata in soke ta bayan rasuwar, na kasa, na yi gum. Washegari sunan ya sake fitowa a daidai lokacin, ya yi rabin awa ya ɓace. Na leƙa teburinsa, wata baƙuwa ce zaune tana cin biskit. Kwana huɗu ko abinci ba ya mini daɗi.

A rana ta biyar na bi sawu, na ga ta na'urar bayan gini yake shigowa. Na je tagar matattakala na leƙa. Baba ne zaune a kan bencin gindin katanga, kwamfutar Auta a cinyarsa, ya sa tabarau. Ashe tafiyar da yake cewa likita ya sa shi saboda gwiwa ke nan. Mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa! Da na sauka bai ji kunya ba, matsa mini ya yi. Ya ce a gida in ya buɗe ta ba ta yin komai, amma ran da ya kawo ta zai ba ni, ya zauna hutawa ya buɗe, sai 'yar alamar waifai ɗin nan ta kama, sunan ya fito. Ya ce banki sun rufe asusun Auta, layin waya an ba wani, nan ne kaɗai aka san yaron har yanzu.

Na roƙi oga a bar shaidar Auta. Mutumin kirki ne, idonsa har ya kawo ruwa, amma ya ce ƙofar da mai ita ba ya nan ta ɓarawo ce, kuma gaskiyarsa. Na gaya wa Baba, ya ce in yi aikina, amana ce. Ranar Alhamis na danna da hannuna, na soke ta. Juma'a da safe ina taga ina kallo, ya zo duk da haka. Ya buɗe, ya jira, ya rufe, har sau uku. Sannan ya goge murfin da hannun riga ya tashi. Da yamma yana alwala ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba: "Na yi sallama uku ba a amsa ba. Mai sallama uku kuwa juyawa yake yi."

Bai sake fita ba. Ƙarfe goma na yi sai ya sa takalmi ya zauna a ƙofar ɗaki. Don Allah, Yaya, ki riƙa kiransa a lokacin, ki ba shi yara su cika masa kunne, kada ki nuna kin sani. Ni ma ban fi shi ba, har yau goma da minti goma idona na kan allon.

Ki gaida maigidan, da Gwaggo in kun haɗu, da takwarar Inna da ƙannenta. Inna da Kawu suna gaishe ku. Ku sa Auta a addu'a, ku sa mu.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai gadin iska