Gangaren Makaranta

Zuwa ga matata, Maman Ƴar Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Ƴar Baba. Yaya Inna da ciwon ƙafa? Ni na sauka lafiya, ba abin da ke damuna sai kewarku. Tunda kin ga dama kin wanke wayarki tare da kayan makarantar yarinya, sai ki yi haƙuri da mummunan rubutuna har Allah Ya hore wata.

Garin ɗan ƙarami ne, in ka yi tari a tasha sai a yi maka sannu a kasuwa. Aikin ba wuya. Da safe ina loda burodi a mota in kai ƙauyukan bayan dutse, kafin azahar na dawo. Na sami ciki da falo a gidan wata tsohuwa da ake ce wa Iya, akwai famfo a tsakar gida da bishiyar gwaiba. Abin da ya fi yi mini daɗi, makarantar firamare tana tsallaken titi, daga tagarmu ina hango ƙofarta. In kun zo, titi kawai Ƴar Baba za ta tsallaka. Har na yi wa hedimasta maganarta.

Titin daga kan dutse yake gangarowa, doguwar gangara ce, a ƙofar gidanmu take ƙarewa. Ta nan tifofin wurin fasa dutse suke saukowa da tsakuwa. Ban taɓa ganin direban tifa mai ladabi ba sai a garin nan, a hankali suke saukowa kamar sun ɗauko ƙwai. Dalili kuwa wani jami'in hanya ne da ake kira Dogo, mai na'urar auna gudu. Yau yana bayan katangar bakanike, gobe yana gindin bishiya, jibi ba ya nan sam, ba wanda ya san ranarsa. Ba ya karɓar ko sisi, lasisi yake ƙwacewa. Ni dai kallonsa bai yi mini ba, mutum ya bi ka da ido ko ƙiftawa ba ya yi.

Direbobin nan kuma ba su da zumunci. A wajenmu in ka wuce jami'ai, ai sai ka ƙifta wa ɗan'uwanka mai tahowa fitila ya shirya. Nan kowa ta kansa yake yi. Ni kam ban iya wannan rowar ba. Ina hawa suna saukowa, in na ga Dogo a ƙasa sai in ƙifta musu.

Ki gaida Inna, ki ce wa Ƴar Baba gwaiba tana jiranta.

Naki har kullum,
Baban Ƴar Baba

Zuwa ga matata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso. Kin ce na rame, to a ina kika gan ni? Girkina ne dai ba ya ciyuwa, wannan kam gaskiya ne.

Mijinki ya yi farin jini. Direbobin tifa sun sa mini suna Mai Fitila, in na zauna wajen mai shayi ba sa bari in biya. Akwai wani mai jar tifa, ƙato mai dariya kamar tsawa, ya ce tun zuwana ya samu sauƙin aiki, don da yawan sawu ake biyansu.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kwanan nan tagogin gidan sun fara karkarwa da safe. Rannan kofin da na ajiye a bakin taga ya faɗo da kansa ya fashe. Iya, wadda da take tsare ni da hira har in makara, yanzu in na gaishe ta sai ta amsa a gajarce ta ci gaba da shararta.

Shekaranjiya Dogo ya tsayar da ni, alhali ko kusa da gudu ba na yi. Bai nemi lasisi ba. Ya zagaya gaban mota ya shafa fitilun da tafin hannu, ya ce, “Suna aiki da kyau.” Sai ya tambaye ni ko gaskiya ne ina da yarinya da za ta shiga makarantar nan. Na ce haka ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Malam, kafin ka zo ba su san ranar da nake nan ba, shi ya sa kullum suke saukowa kamar ina nan. Yanzu ka sanar da su ranar da ba na nan.” Ya matsa gefe ya ce in wuce.

Wallahi da tara ya ci ni da ya fi mini sauƙi. Ni taimako na ɗauka ina yi. Ban taɓa kawo wa raina cewa in ban ƙifta ba ma wata magana nake gaya musu ba.

Ki yi mini addu'a. Zan gyara abin, in sha Allahu.

Mijinki mai kewarki,
Baban Ƴar Baba

Maman Ƴar Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ku, yaya Inna? Na ji Ƴar Baba ta fara famfara, ki ce mata kar ta damu, wani zai fito.

Gyaran bai yiwu ba. Da farko na daina ƙiftawa, sai abin ya ƙara lalacewa, don duk wanda ya ga fitilata a kashe sai ya ɗauka hanya fes take, ya saki birki. Sai na koma ƙiftawa kullum, da Dogo da ba Dogo. Na ɗan kwana biyu ina murna, tagogi suka yi shiru. Amma ba a daɗe ba suka gano ni. Mai jar tifa ya tare ni wajen mai shayi, yana dariya amma idonsa ba ya dariya, ya ce, “Mai Fitila, yaushe aka ba ka kaki ba mu sani ba?” Na ce masa don Allah ya dubi yaran makaranta. Ya ce shi ma yara gare shi, kuma ba sa cin haƙuri.

Ba sa ma bukatata yanzu. Sun koya. Wanda ya juye tsakuwarsa yana hawa, shi yake ƙifta wa mai saukowa, har da wata alamar hannu da suka ƙirƙiro wadda ni ban san ta ba. Duk inda Dogo ya ɓuya, kafin ya ɗaga na'ura labari ya kai kan dutse. Da ya tashi kuwa sai su rama lokacin da ya ɓata musu.

Don haka ya daina ɓuya. Yanzu da safe a tsakiyar titi yake tsayawa, ya ɗaga hannu yara su tsallaka ta bayansa. Na ga tifa ta tsaya dab da shi har iskarta ta cire masa hula, ƙaurin birki ya cika unguwa. Bai ko motsa ba. Makon jiya an take akuyar maƙwabtanmu, abin da aka kwashe ba ya kalluwa. Iya ta tsaya a ƙofa tana kallon wurin, ta juyo ta kalle ni.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Kullum in na leƙa taga, Ƴar Baba nake gani a bakin titin da jakarta. Ki dakata da shirin tahowa tukuna, kar ki yi sallama da mai gidan hayarmu sai kin ji daga gare ni.

Naki,
Baban Ƴar Baba

Matata,

Ina gaishe ki, Allah Ya sa wannan ta same ku kafin ku taso. Taki ta iso jiya, na gane wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Kin ce kin mayar da makullin ɗaki, kaya suna ɗaure, jibi kuna tafe. Ba laifinki ba ne, ni na yi ta kwaɗaita miki.

An buge Dogo. Da safe ne, ina cikin layin motocin da ya tsayar, yara suna tsakiyar titi. Jar tifar ce ta taho, birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, direban yana ta danna hon. Dogo ya tura yaran gefe, shi bai samu ya kauce ba. Ba yaron da ya ji ciwo. Shi yana asibiti, likita ya ce ƙafafun sai abin da Allah Ya yi. Na je duba shi, na kasa wuce bakin ƙofa, matarsa tana zaune a ƙasa da goyo. An kama direban, amma sauran tifofin ko yini ɗaya ba su huta ba.

An ce za a turo wani jami'in, ba a faɗi yaushe ba. Yau ba wanda ya ƙifta wa kowa fitila, duk sun san ba kowa a ƙasa. Yara suka yi cirko-cirko a bakin titi har aka kaɗa ƙararrawa, ba su sami tsallakawa ba. Hedimasta ya fito yana tambaya ko akwai wanda zai riƙa tsayawa kafin a kawo wani. Kowa ya sunkuyar da kai. Na ji bakina ya ce ni zan tsaya. Manajan gidan burodi ya yarda in riƙa fita da burodi a makare.

Gobe zan fara. Ba ni da kaki, ba ni da na'ura, hannu kawai zan ɗaga. Ban sani ba ko za su tsaya mini. Kar ki gaya wa Inna.

In kun iso, ki ce wa direba ya sauke ku a gidan man da ke kan dutse, kar ki yarda ya gangaro da ku. Ku biyo ta bayan gari da ƙafa, ko da kayan za su yi miki nauyi, ku shigo ta ƙofar baya. In ba ki same ni ba, makulli yana hannun Iya. Ki rufe tagar falo, kar ki bar yarinyar nan ta leƙa titi har sai na shigo.

Ki yafe mini, ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Baban Ƴar Baba