Kartin da Bai Ƙone Ba

Lahadi, 5 ga Mayu 2024

Yau Yaya Hasan ya kore ni daga garaj. Gaban mai shayi, gaban masu faci, gaban mai motar. Ina rubutawa don kar in manta ko kalma ɗaya.

Ya ce, "Wanda ya tsaya aji uku a lekkol ba ya taɓa karti. Ka ƙone shi, Isufu. Kwashe kayanka." Mijin yayata Sauda ne. Shi ya tsallako iyaka da ni daga Tasawa zuwa wannan ƙasa ta Larabawa, shekara huɗu ina bayansa da jakar kayan aiki.

Motar ta Si Yunus ce, wani dattijo mai garkar dabino a Abalessa. Irin motar nan mai gado da madafa a ciki. Kilim, na'urar sanyaya ɗaki, biyu gare ta bisa rufi, na gaba da na ɗakin baya, amma tarmosta ɗaya ce, ɗan akwati mai maɓallai kusa da ƙofa, ita ke ba su umarni duka. Na gaba zon 1, na baya zon 2. Na bayan ne ke yankewa yana dawowa. Yaya ya ce kabul ɗin da ya haɗa su ne zafi ya cinye, ya sayo wani a kasuwa ya sa. Ni kuma na hau rufi na kaɗe ƙurar kartin na baya, ɗan allon lantarkin da ke cikin kilim, da buroshi. Buroshi kawai. Da muka kunna, zon 2 ta ɓace gaba ɗaya, sai E1, alamar matsala, a gilashin tarmosta.

Na tsinci tsohon kabul ɗin a ƙasa na sa aljihu, ban ma san dalili ba.

Litinin, 6 ga Mayu

Mai shayi ya miƙo mini kofi ya ce, "Sannu, Mai Gobara." Benci duka dariya. Sunan zai zauna, na san mutanen nan.

Laraba, 8 ga Mayu

Na samu wuri wajen masu faci, tsallaken titi. Daga inda nake hura taya ina ganin ƙofar garaj sarai. Haka nake so.

Yaya ya aika Alje, babban birni, a turo sabon karti. Kwana goma, in ji su.

Asabar, 11 ga Mayu

Na gano.

Na je wajen mutumin da ya sayar wa Yaya da kabul, na ce ya ba ni irinsa. Igiyar talho ce, ta tarhon gida irin na da. Kanta ɗaya da na motar, faɗi ɗaya, tana shiga ramin ta yi ƙas. Na zauna gindin bango na haɗa kawunan tsohon kabul biyu gefe da gefe, na ɗaga su ga rana. Robar tana nuna 'yan wayoyin ciki. Baƙi, ja, tsanwa, ɗorawa. Ɗaya kan ma baƙi, ja, tsanwa, ɗorawa. Sai na haɗa na talho. Kai ɗaya baƙi ne farko, ɗayan ɗorawa ce farko. A juye take.

Ke nan tarmosta na magana, kilim na baya yana jin ta ta ƙeya. Babu abin da ya ƙone.

Na tashi zan tsallaka titi in jefa masa a fuska. Na kai tsakiya na dawo. In na faɗa yau zai canja shi shiru, gobe ya ce shi ya gano, ni kuma in zauna Mai Gobara har in mutu. A'a. Bari sabon kartin ya zo tukuna. Bari ya sa shi gaban mutane ya ƙi tashi.

Ina da haƙuri. Shi da kansa yakan faɗa.

Talata, 14 ga Mayu

Yaya ya wuce ni zuwa masallaci bai ko dube ni ba. Taku biyu tsakaninmu. To.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na kalli wani bature a talho yana gyara irin wannan tarmosta. Ban ji ko kalma ɗaya ba, hannunsa nake kallo. Sau tara. A jikin karti akwai 'yan makunnai farare a jere kamar haƙoran ɓera, da su kowane kilim ke sanin sunansa. Na tuna ranar da nake kaɗe ƙura, na biyu a tashe yake, sauran a kwance. Sannan in an gama sai a danne maɓalli biyu tare har tarmosta ta manta ta sake kirga 'ya'yanta.

Yaya yana da littafin motar da Faransanci. To, sai ya karanta abinsa mu gani.

Lahadi, 19 ga Mayu

Karti ya iso. Yaya ya buɗe shi a bencin mai shayi yana nuna wa kowa, kamar ɗan da aka haifa masa. Na zo karɓar ruwan zafi, na leƙa ta kafaɗarsa. Haƙoran duka a kwance. In ya sa shi haka, kilim biyu za su riƙa amsa suna ɗaya.

Da ciwo ɗaya gare shi, yanzu biyu.

Ya sa da la'asar. E1. Ya cire, ya hura, ya mayar. E1. Ya sauko daga rufi ya canja fizibil, 'yan fiyus da ba su yi laifin komai ba. Ni ina tsallake ina cin gyaɗa. Ban taɓa cin gyaɗa mai daɗin ta yau ba, Allah ya yafe mini.

Litinin, 20 ga Mayu

Si Yunus ya zo da taksi daga Abalessa. Ba ya ɗaga murya, shi ya fi ban tsoro. Ashe matarsa Lalla Khalida za a yi wa aiki a asibitin Gardaya, can arewa, ba ta iya zama, sai kwance a ɗakin baya. Kuma sai sun ratsa In Salah, inda ko direbobin manyan motoci ke ɗaura rigar ruwa a ka. Ya ce Alhamis da azahar zai dawo. In motar ba ta yi sanyi ba zai je komisariya, wajen 'yan sanda, ya ce an lalata masa dukiya.

Takardun zaman ƙasa na Yaya sun mutu tun bara. Kowa a unguwa ya san inda ake sauke irinmu baƙi, can bakin iyaka cikin hamada, in an loda mu.

Ba ni na sa shi ya yi mini ƙarya ba.

Talata, 21 ga Mayu

Sauda ta zo wajen faci da kwanon tuwo. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta tsaya nesa da tayoyi tana riƙe zane.

"Auta, ka san abin da ke damun motar nan."

Na ce ni aji uku na tsaya.

"Na san fuskarka tun kana tsirara. Ka sani."

Na ce Yaya ya zo da ƙafarsa. Ya tsaya inda ya tsaya ranar, ya faɗa wa benci ban ƙone komai ba. Sannan in duba. Ta ce, "Ba zai iya ba." Na ce girman kai ne. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce in mayar mata da kwano in na gama.

Na cinye tuwon. Fushina ba da tuwo ba ne.

Laraba, 22 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta ta yau ba.

Da azahar, kowa ya tafi cin abinci, na shiga garaj ɗaukar fensata ta matse waya da na bari. Gaskiya so nake in ga fuskar Yaya kusa. Yana zaune a tebur, kartin daf da hancinsa, ya haska shi da fitilar talho, rana tsaka. Na tsaya bakin ƙofa, haske a jikina. Ya ɗago ya ce, "Wane ne?"

Na ce ni ne. Ya ce ya sani, wasa yake.

Na ciro tsohon kabul na aje masa. Na ce, "Yaya, dubi kawunan." Niyyata in nuna masa rabi in tafi da rabi, ya kwana yana juyi. Ya ɗauka, ya kai ido, ya ja baya, ya sake kawowa. Ya ce, "Eh, na gani."

Na ce, "Wane launi ne farko?"

Ya sake kai shi ido. Ya ce ja.

Baƙi ne.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda tun damina yake cewa in karanta masa mita don hannunsa da baƙin mai. Yadda yake shafa fizibil da babban yatsa kafin ya sa. Ranar Talatar da ya wuce ni, ashe ba share ni ya yi ba.

Ya ce, "Ciwon sukari ne, ya taɓa idon. Likita ya ce a yi aiki, in an yi sa'a." Sannan ya ce, bai kalle ni ba, "Sauda kaɗai ta sani."

Na ɗauki fensata da kabul na fito.

A hanya zuciyata har rawa take. Mai gyaran lantarki da ba ya ganin waya. Kalma ɗaya a bencin mai shayi, kafin magariba ta kai garin In Amguel a bakin direbobi, ba wanda zai sake kawo masa ko rediyo. Ya san idonsa ne, ya ɗora mini. Ya zaɓi sunana ya mutu nasa ya rayu. Gobe benci zai cika.

Alhamis, 23 ga Mayu

Si Yunus ya zo kafin azahar. Benci ya cika kamar yadda na ce. Yaya yana tsaye jikin motar da littafin Faransanci a hannu.

Ban jira a kira ni ba. Na tsallaka na ce wa Si Yunus da Larabcina na kasuwa ya ba ni rabin awa. Mai shayi ya ce, "A kawo bokitin ruwa, Mai Gobara zai hau."

Na shiga garaj na tono tsohon kartin daga kwandon tarkace. Na ɗaga shi sama, na zagaya da shi bencin kaf, kowa ya gani. Na ce, "Wannan ne na ƙone, ko?" Na hau rufi, ƙarfe na cin gwiwata. Na cire sabon, na mayar da tsohon. Na yanke kan igiyar talho ɗaya, na juya wayoyin, na matse sabon kai. Na sauko na danne maɓallai biyu ina kirgawa a zuci. Gilashin ya mutu, ya farfaɗo. Zon 1. Na danna. Zon 2.

Rufin baya ya yi tari sau ɗaya ya kama. Si Yunus ya shiga ɗakin ya ɗora tafin hannu a bakin iskar, ya daɗe haka. Na kashe na gaba don a tabbata na baya yana tsaye da kansa, na sake kunnawa, na rage na baya, na ƙara na gaba. Kowanne ya bi nasa.

Mai shayi ya ce, "Kai, Isufu." Da sunana.

Sai Si Yunus ya fito yana juya guntun igiyar da na yanke. Ya ce wa Yaya, "Kai da shekara ashirin a aiki, ya aka yi ba ka ga wannan ba?"

Ga ta nan. Ban ma nema ba, an kawo mini ita har baki. Yaya ya juyo wajen da yake jin numfashina, idonsa ya sauka gefen kunnena.

Na ji bakina yana cewa igiyoyin kamarsu ɗaya, ko a Alje ana yin wannan kuskuren. Ban san wani a Alje ba.

Yaya ya ce, a hankali, amma benci ya ji, "Kartin bai ƙone ba. Ni na faɗa, kuma ba haka ba ne." Iyakarta ke nan. Babu ka yi haƙuri, babu komai.

Motar ta kama hanyar arewa da la'asar.

Jumma'a, 24 ga Mayu

Ban yafe ba. A rubuta.

Lahadi, 26 ga Mayu

An kawo motar kifi garaj, firijinta ya tsaya, direban ya ce ni yake nema. Na je. Don direban na je. Kayan aikina ma ban mayar ba, suna wajen masu faci, sai dai fensa da mita.

Wayoyin bayan dashbod sun fi talatin, a cukurkuɗe. Yaya ya tsugunna gefena da hannunsa a ciki, direban yana tsaye kanmu yana kallo. Duk wayar da na taɓa sai in faɗi launinta a fili. Ja mai ratsin fari. Shuɗi. Baƙi siriri, na uku daga hagu. Da na kai ta bakwai Yaya ya ce, "Tsaya nan. Ita ce ke zuwa rele mai tayar da firijin, bi ta." Ita ce kuwa. Ni da sai na yini.

Direban ya ce me ya sa nake magana da wayoyi kamar mai kiran awaki. Na ce haka nake aiki, aji uku na tsaya, in ban faɗa ba mantawa nake.

Gobe akwai wata motar da ƙarfe takwas.